Kofi Ɗaya Ko Kofi Huɗu?

Malam Edita, ina roƙo ka ba ni ɗan fili a cikin mujallarmu in faɗi ra'ayina game da wata gardama da na tarar ana yi a wata jiha ta Amurka, wadda tun da na dawo ba ta bar zuciyata ba. Gardamar kuwa a kan wasan yara 'yan makaranta ce. Na san wani zai ce, to, mu ina ruwanmu? Ya yi haƙuri ya karanta tukuna. Duk wanda ke cikin kwalejin nan, ko malami ne ko mai shirin zama malami, kuma babu malamin da wata rana ba zai tsaya yana tambayar kansa ba, shin ya fi kyau a tsare yaro daga shan kaye, ko kuwa a bar shi ya gwada ƙarfinsa da wanda ya fi shi.

A farkon shekarar 2019 aka aike ni kos na 'yan watanni a wata jami'a a jihar Indiyana, ƙasar masara da waken soya. Na sauka a gidan wani dattijo, tsohon malamin lissafi da ya yi ritaya, shi da uwargidansa. Lokacin sanyi ne, irin sanyin da hunturunmu bai kai ko rabinsa ba, sabo da haka in na dawo daga karatu ba na leƙa ko bakin ƙofa. Ran nan, wajen ƙarshen watan Fabrairu, muna cin abincin dare, sai dattijon ya ce mini, “Malam, gobe ka nemo rigar sanyinka mafi kauri, za mu kallon ƙwallon kwando.” Na ce, “To, Baba.” A raina na zaci za mu Indianapolis ne, babban birnin jihar, mu kalli ƙattin nan da a ke biya miliyoyin daloli. Ashe ba haka ba ne. Yaran sakandare za mu kalla, 'yan shekara 15 zuwa 18, a wani ɗan gari da ke kusa da mu. Gaskiya na ji haushi, amma baƙo ba ya musu da mai masaukinsa.

Wasan kansa ba sai na ɓata muku lokaci da bayaninsa ba, tun da ya ke yawancinku kun san shi. Abin da na ke so in tuna muku shi ne, malami ne kamarmu ya ƙago shi, wani mutumin Kanada mai suna James Naismith, a shekarar 1891, a wata kwaleji da ke garin Springfield a jihar Massachusetts, domin ya samar wa ɗalibansa abin motsa jiki a cikin ɗaki sa'ad da ƙanƙara ta hana su fita. Kwandunan zuba 'ya'yan itace ya kafa a sama, daga nan sunan wasan ya samo asali. Amma ko da ya ke can aka haife shi, a Indiyana ya yi gida. Dalili kuwa a fili ya ke. Jihar a lokacin cike ta ke da ƙananan makarantun karkara, waɗanda ba za su iya tara yara goma sha ɗaya su yi irin ƙwallon Amurkawa ba, amma kowace tana iya samun yara biyar. Ga shi kuma lokacin wasan ya faɗo tsakanin girbi da shuka, manoma ba su da aikin da ya tsare su da dare.

Da muka isa, abin da ya fara ba ni mamaki zauren wasan ne. Makarantar ba wata babba ba ce, amma zaurenta ya ci dubban mutane, kuma a daren nan in ka jefa allura ba za ta sami ƙasa ba. Daga baya na gane haka jihar ta ke. A garin New Castle, wanda mutanensa ba su kai dubu 20 ba, akwai zauren makarantar sakandare da aka buɗe a 1959, mai cin mutum fiye da 8,000, kuma yawancin manyan zaurukan sakandare na Amurka duk a Indiyana su ke. Muka sayi tikiti, muka sayi gugguru, muka haura benci. Ga 'yan badujalar makaranta suna busa ƙaho suna kaɗa ganguna. Ga ɗaliban kowane ɓangare a tsaitsaye, ba wanda ya zauna har aka tashi, kowa sanye da launin makarantarsa. Ga manoma da hulunansu, ga jarirai a hannun iyaye an toshe musu kunne. Kusa da ni wata tsohuwa ce da ɗan littafi da fensir, duk wanda ya jefa ƙwallo a kwando sai ta rubuta. Na tambaye ta, “Iya, jikanki na cikin masu wasa ne?” Ta ce a'a, ba ta da kowa a ciki, makarantar garinsu ce dai.

Wannan amsa tata ita ta fara buɗe mini ido. A nan wurinmu in ana wasan makaranta, 'yan makaranta ne ke kallo, da malamin da aka tilasta wa tsaron su. Can kuwa gari ne duka ke tasowa.

Ga yadda gasar ta ke tafiya. Kowace makaranta da ke cikin ƙungiyar wasannin sakandare ta jihar tana shiga, ko da kuwa duk shekarar ba ta ci wasa ko ɗaya ba. Ƙuri'a a ke jefawa a san wa zai kara da wa, ba a duba ƙarfi. Sa'an nan wanda aka ka da sau ɗaya ya fita ke nan, babu ramuwa, sai baɗi. Ana farawa da zagayen gunduma, sai na yanki, sai na rabin jiha, sai wasan ƙarshe a Indianapolis wajen ƙarshen watan Maris. Wasa kashi huɗu ne, kowane kashi minti 8. Watau yaron da ke ajin ƙarshe, wanda ya yi shekara huɗu yana zufa, minti 32 ke raba shi da rigar makarantarsa har abada. Na ga wannan da idona a daren Asabar da aka yi wasan ƙarshe na gundumar. Da aka busa tashi, wani dogon yaro daga waɗanda aka cinye ya durƙusa a tsakar fili, ya ja rigarsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Malamin wasansu ya zo ya ɗaga shi ya rungume shi. A ɗaya gefen kuma an kawo tsani da almakashi, yaran da suka ci suna hawa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya yanki zaren ragar kwandon ya riƙe abin tunawa. Ni da ban san kowa ba a cikinsu, sai ga ni a tsaye ina tafi, muryata ta dushe. Ban ma san lokacin da na fara ihu ba.

Muna komawa gida a mota na ce wa dattijon, “Kai, Baba, yau na ga abin da ban taɓa gani ba.” Sai ya girgiza kai ya ce, “Malam, ragowar tuwo ka ci. Da ka zo kafin 1998, da ka ga gasa.” Daga nan ya kwance mini bakin jaka, kuma bai ɗaure ba har na bar ƙasar.

Tun 1911 aka fara gasar nan, makarantar Crawfordsville ta fara cin kofi. Daga wannan shekara har zuwa 1997 kofi ɗaya tak a ke yi a jihar duka. Makarantar ƙauye mai ɗalibai ɗari da ta birni mai dubu biyu, duk ƙwarya ɗaya a ke zuba su. Akwai lokacin da makarantu fiye da 700 ke shiga, a raba su gunduma 64, a yi ta tankaɗe da rairaya har a rage huɗu, su huɗun nan su haɗu rana ɗaya a Indianapolis, a yi wasa biyu da rana, waɗanda suka ci su sake karawa da dare. Amma daga 1998 aka raba makarantu rukuni huɗu bisa ga yawan ɗalibansu, manya da manya, ƙanana da ƙanana, kowane rukuni da kofinsa. Wannan rabo shi ne gardamar, kuma fiye da shekara 20 bayan yinsa na tarar tsofaffi suna maganarsa kamar jiya aka yi.

In ka tambayi masu son kofi ɗaya dalilinsu, suna ɗaya za su faɗa maka: Milan. Ba ta Italiya ba, wani ɗan gari ne a kudu maso gabashin Indiyana, su can “Mailan” su ke kiransa, a 1954 mutanensa sun ɗan haura dubu ɗaya. A 1954 makarantar garin tana da ɗalibai 161, maza da mata duka. Malamin wasansu, Marvin Wood, bai kai shekara 30 ba. Suka yi ta ka da manya har suka kai wasan ƙarshe, suka haɗu da Muncie Central, makaranta mai ɗalibai wajen ninki goma na nasu, wadda ta ci kofi a 1951 da 1952. Aka yi wasan a zauren jami'ar Butler, mai cin mutum kamar 15,000 a zamanin. A lokacin babu dokar da ta tilasta wa mai ƙwallo ya jefa cikin ƙayyadadden lokaci. Sabo da haka a kashin ƙarshe, ana binsu maki biyu, wani yaronsu mai suna Bobby Plump ya tsaya cik a tsakiyar fili da ƙwallo a hannu, fiye da minti huɗu bai motsa ba, dubban mutane suna ihu. Dabarar malaminsu ce, don a gajarta wasan, kada ƙarfin Muncie ya yi aiki. Aka zo 30 da 30, saura 'yan daƙiƙoƙi, Plump ya kutsa ya yi tsalle ya jefa, ƙwallo ta faɗa kwando. Aka tashi 32 da 30. Kashegari dubun dubatan mutane suka cika ɗan garin nan da hanyoyin da ke shiga cikinsa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Labarin nan ne aka gina sinimar Hoosiers a kansa a 1986, ko da ya ke an sake sunaye, an kuma ƙara gishiri.

Labarin Milan yana da daɗi, amma ni ba shi ya fi kama ni ba. Wanda ya fi kama ni shi ne na shekarar da ta biyo. A Indianapolis akwai wata makaranta mai suna Crispus Attucks, wadda aka buɗe a 1927 musamman don a ware 'ya'yan baƙar fata daga na farare. Shekara da shekaru ba a barin makarantun baƙar fata su shiga gasar jiha, sai a farkon shekarun 1940 aka buɗe musu ƙofa. A 1954 Milan ce ta fitar da su. Amma a 1955, ƙarƙashin malaminsu Ray Crowe, da wani yaro Oscar Robertson wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin gwanayen wasan nan a duniya, suka ci kofi, suka ka da Gary Roosevelt, ita ma makarantar baƙar fata, 97 da 74. A 1956 suka sake ci, ba a ka da su ko sau ɗaya ba duk shekarar. A daren nasararsu ta fari an ɗora su a motar 'yan kwana-kwana kamar yadda aka saba yi wa zakaru, aka zaga da su dandalin tsakiyar birni, sa'an nan aka karkata da su zuwa wani fili a unguwar baƙar fata, wai can za su yi murnarsu. Wulaƙancin nan ya daɗe yana ci wa Robertson rai. Amma ku lura da wani abu. An iya karkatar da motarsu, ba a iya karkatar da kofin ba, domin ɗaya ne. Babu wanda ya isa ya ce sun ci kofin baƙar fata, ko kofin masu rauni. Duk wanda ya ce ya fi su, ai ya shiga gasar, an kuma fitar da shi. Da a ce tun farko an tausaya musu an yanka musu nasu rukuni da nasu kofi, da me nasarar za ta nuna?

To, yanzu bari in juyo wajen waɗanda suka yi rabon, don ba mahaukata ba ne, kuma malamai ne irinmu, shugabannin makarantu. Hujjarsu mai ƙarfi ce. Suka ce, kuna ta kiran Milan, Milan, to, daga 1954 har 1997, shekara 43, wace makaranta ce mai ƙanƙanta irin tata ta sake cin kofi? Babu. A cikin shekarun nan an haɗe ɗaruruwan makarantun ƙauye an mai da su manya, yawan makarantu ya sauko zuwa wajen 400, tazarar da ke tsakanin babba da ƙarama ta ƙara faɗi. Makarantar da ke zaɓen yara biyar daga cikin maza dubu, da wadda ke zaɓe daga cikin maza sittin, wace irin gasa ce wannan? Akwai makarantun da shekara bayan shekara a daren farko a ke kora su gida da mugun kaye. Shin adalci ne a riƙa miƙa yara ga yanka kowace shekara, don dai tsofaffi su zauna a benci suna jiran abin al'ajabi irin na 1954? Yanzu kuwa garuruwan da ba su taɓa mafarkin zuwa Indianapolis ba suna zuwa, suna kuma komawa da kofi.

Akwai ma abin da ya fi wannan. A 2012 da gardamar ta sake tashi, an zaga garuruwa an yi tarurruka, an ji ra'ayin jama'a. Yawancin mutanen gari da suka halarta suka ce a koma kofi ɗaya. Amma da aka tambayi shugabannin makarantu, da malaman wasa, da su yaran kansu, mafi yawansu suka ce a bar rukuni huɗu. Da na gaya wa dattijona wannan, shiru ya yi. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, kuma na gefe kullum ya fi kowa iya kokawa, tun da ba bayansa ke taɓa ƙasa ba. Ni ma ina benci da gugguruna a hannu, ba ni na durƙusa a tsakar fili ba.

Har wa yau, masu cewa rabon nan ne kaɗai ya kori 'yan kallo ba su faɗi gaskiya duka ba. Ba shakka a 1990 mutum 41,046 suka taru a Hoosier Dome suka kalli wasan ƙarshe, sa'ad da Damon Bailey ya ja makarantarsa Bedford North Lawrence ta ci Concord, taron da ba a taɓa yin irinsa ba a kan wasan ƙwallon kwando na 'yan sakandare a Amurka. Amma in aka dubi gasar gaba ɗaya, 'yan kallo sun fara raguwa tun da daɗewa. A shekarun 1960 sun taɓa wuce miliyan ɗaya da rabi, kafin 1997 sun sauko ƙasa da miliyan ɗaya. Talabijin ta shiga gidaje, wasanni sun yi yawa, matasa sun bar ƙauye. Rabon dai ya ƙara tura motar da ta riga ta kama gangara.

Duk da haka nan, ra'ayina shi ne an yi kuskure, kuma a ranar wasan ƙarshe na tabbatar wa kaina da haka. Muka tafi Indianapolis da sassafe, muka shiga babban zauren da ƙungiyar Pacers ke wasa a ciki. Wasa huɗu aka yi ran nan, biyu kafin la'asar na ƙananan rukunai, biyu da dare na manya. Wasannin sun yi kyau, yaran sun yi bajinta, ba na rage musu kome. Amma abin da na lura shi ne, da an gama wasa ɗaya sai ka ga ɓangare guda na zauren ya watse, mutanen garuruwan nan biyu sun kwashe tutocinsu sun kama hanya, waɗansu sababbi sun shigo. Kowa wasansa ya zo gani. Ba kamar da ba, da a ke cewa jiha duka ta zuba ido a kan fili ɗaya, wanda aka fitar da makarantarsa tun daren farko ma yana bin labarin wanda ya fitar da shi, yana so ya ga iyakarsa. Da dare ya raba, jihar ta wayi gari da zakaru huɗu, ba kuwa a sarki biyu a gari ɗaya, balle huɗu. Na tambayi wani direban bas a jami'armu ran Litinin wa ya ci kofi, sai ya ce, “Wanne?” Su ma masu rabon sun ji wannan giɓi, don a 1998 da 1999 sun haɗa zakarun huɗu su kara a fitar da gwani na gwanaye, abin bai karɓu ba, aka bari.

Amma asarar da ta fi girma ba a Indianapolis ta ke ba, a gunduma ta ke. Wannan shi ne abin da dattijona ya daɗe yana nuna mini kafin in gane. Ya ce a zamaninsu ƙaramar makaranta ba kofin jiha ta ke mafarki ba, ta san ya fi ƙarfinta. Mafarkinta shi ne ta ka da babbar makarantar gundumarsu, ta garin da su ke zuwa cin kasuwa, wadda 'ya'yanta ke kiransu ƙauyawa. Sau ɗaya a shekara goma ko ashirin a kan dace, kuma wannan dare ɗaya ya ishi ƙauye abin hira har jikoki. Shi kansa makarantarsu ta taɓa yin haka yana ɗan aji biyu, ko wasa bai iya ba, ganga ya ke kaɗawa, amma har yau in yana ba da labarin sai idonsa ya kawo ruwa. Makarantar ma an rufe ta tuni, an haɗe ta da wata. To, da aka yi rukuni-rukuni, maƙwabcin nan babba ya koma wani rukuni, ba a haɗuwa da shi a gasa kuma. A maimakonsa sai a haɗa ku da wata ƙaramar makaranta mai nisa, wadda ba ku da tsohuwar gaba da ita, ba ku da surukuta, ba ku haɗa kasuwa. Wa zai tuƙa mota a cikin ƙanƙara a daren Talata don ya ga an ka da baƙo?

Kuma tsaron da aka ce an yi wa 'yan ƙauye bai cika ba. A ƙananan rukunan nan akwai makarantun kuɗi na cikin manyan birane, ɗalibansu kaɗan ne a lissafi, amma daga birni duka su ke ɗibar yara. Sau da yawa su ke kwashe kofin da aka ce an yanka wa 'yan karkara. Har sai da aka ƙirƙiro wata doka, cewa makarantar da ta yawaita cin nasara a rukuninta a ɗaga ta zuwa na sama. Ka ji fa, an yi faci, an kuma dawo ana yi wa facin faci.

Game da cewa yaran da kansu sun zaɓi rukuni huɗu, ina girmama wannan, amma ban ɗauke shi hukuncin ƙarshe ba. Yaran da aka tambaya a 2012 ba su taɓa buga gasar kofi ɗaya ba, waɗansunsu ma suna goye aka yi rabon. Kuma kowane malami ya sani, in ka tambayi aji ko suna son jarrabawa mai wuya ko mai sauƙi, ka san amsar tun kafin a ɗaga hannu. Ba a ce yaro ya yi laifi ba. Aikinmu ne mu san cewa yabon da aka samu a kan abu mai sauƙi ba ya daɗewa a baki. Na yarda shan kaye kullum yana karya zuciya. Amma yaron da aka gaya masa tun kafin a busa usur cewa akwai waɗanda ba a ma yarda ya gwada da su ba, shi ma an koya masa wani darasi, kuma ba na jin darasin alheri ne. Maƙwabciyarsu jihar Kentucky har yanzu kofi ɗaya ta ke yi, makarantu 16 su haɗu a Lexington, kuma ba a ji yaranta sun lalace ba.

Da za a ba ni alƙalanci, da ba zan koma tsohon tsari dungum ba, don hujjar shekara 43 ɗin nan ba ta tankwaruwa. Da sai in ce zagayen gunduma a mai da shi yadda ya ke a da, maƙwabci da maƙwabci, babba da ƙarami, ƙuri'a ta raba. Wanda ya ci ya yanki raga. Daga nan in an ga dama a raba masu nasara bisa ga girmansu, kowa ya nemi kofinsa. Ta haka ƙauye ya sami darensa ɗaya da babban gari, wanda ya tsallake kuma ya sami hanyar zuwa Indianapolis da ba ta fi ƙarfinsa ba. Na faɗa wa dattijona wannan shawara, ya ce rabin magani ce, shi kofi ɗaya ya sani. Uwargidansa kuwa ta yi dariya ta ce in rabu da shi, tun 1998 ya ke rantsuwa ba zai ƙara zuwa kallo ba, kuma bai taɓa fashin shekara ɗaya ba.

Ranar da zan taso ya jawo wata tsohuwar gwangwanin biskit daga cikin kabad, cike da guntayen tikiti, na kowace shekara an ɗaure da roba. Ya zaro na daren farko da muka je tare, ya rubuta makin wasan a bayansa da fensir, ya miƙo mini. Yana nan cikin aljihun teburina a ofis, duk ɗalibin da ke son gani ya zo bayan an tashi daga darasi.